Kafin Ƙaramin Jirgi Mai Saukar Ungulu Ya Bar Ƙasa: Kayan Awo da Ɗauri na Mai Koyo

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ƙaraye da Rogo da ƙauyukan da ke zagaye da madatsar ruwa ta Challawa. Shirin na yau na matasa ne masu ƙaiƙayin hannu, waɗanda suka fara da motar kara da ta gwangwani tun suna yara, suka taso suna kwance rediyon gida don su ga abin da ke ciki, yau kuma idonsu ya kai kan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da ake tuƙawa da rimot. Iyaye ma su matso kusa, domin galibi daga aljihunsu kuɗin zai fito.

A shekarar 2007 sunan Kano ya zaga jaridun duniya saboda wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, wanda a lokacin shekararsa 24. Wata 8 ya yi yana harhaɗa jirgi mai saukar ungulu a gida, babba mai kujeru 4, ya shafe shi da fenti ruwan ɗorawa. Injinsa na motar Honda Civic ne, kujerun daga wata tsohuwar Toyota, wasu sassan kuma daga ɓaraguzan wani jirgin Boeing 747 da ya taɓa faɗuwa kusa da Kano. Da kuɗin gyaran kwamfuta da wayar salula ya yi aikin, mahaifinsa ya tallafa masa. Jirgin ya ɗaga daga ƙasa, amma bai wuce ƙafa 7 ba. Da Mubarak yake bayanin abin da jirgin ya rasa, kayan awo ya lissafa: na tsayi, na matsin iska, na danshi.

Basira akwai ta a ƙasar nan, ƙarfin hali ma akwai. Inda ake yawan yin sakaci shi ne wurin awo. Matashi zai tara kuɗi wata da watanni ya sayi jirgin da ya gani a bidiyo, kuɗin ya ƙare ƙarƙaf a kan jirgin, a rasa na sayen abin ɗaure noti ɗaya. Ranar farko sai a ji tas, fiffike ya dare, murna ta koma ciki.

Tarihin sana'ar ma ya nuna cewa ƙanƙantar jirgin ba sauƙi ba ce. Igor Sikorsky ya ɗaga jirginsa mai saukar ungulu a Amurka a 1939, amma sai a 1970 wani injiniya ɗan Jamus, Dieter Schlüter, ya samu ƙaramin samfuri mai rimot da ya tashi ya yi shawagi yadda ya kamata. Shekara 31 ke nan a tsakani. Kuskuren rabin milimita da babban inji zai shanye, ƙaramin inji ba zai yafe shi ba.

To, wane kaya mai koyo zai saya? Amsar tana rataye ne da irin jirgin da ke hannunsa.

Akwai ƙananan nan na wasan yara masu farfela biyu, ɗaya bisa ɗaya, irin su Syma S107. Waɗannan sukudireba ƙarama ta ishe su. A sani kawai cewa rimot ɗin da yawa daga cikinsu da haske yake aiki, irin na talabijin, kuma hasken rana na rikita shi, don haka na cikin ɗaki ne. Akwai na tsakiya, waɗanda karkatar fikafikansu a kafe take, gudun inji ne kaɗai ke ɗaga su ko ya sauke su. Su ma ba sa cin kayan aiki da yawa. Sai kuma na gaske, waɗanda fikafikansu ke karkacewa suna canza yadda suke saran iska, daidai da babban jirgi. Sanannen misali shi ne T-Rex 450 na kamfanin Align da ke Taiwan, da ire-irensa da ake kwaikwayo. Kowane fiffikensa ya kai milimita 325, kuma idan farfelar na juyi 2,500 a minti, bakin fiffiken yana gudun sama da kilomita 300 a awa. A kan wannan nau'in ne maganar kayan aiki take da nauyi.

Abu na farko da ya kamata kuɗi ya tafi a kai shi ne abin ɗauri. Kusan duk kusoshin irin wannan jirgi masu rami ne mai kusurwa 6, waɗanda bakanikai ke buɗewa da alanki. Girman da aka fi buƙata su ne milimita 1.5 da 2 da 2.5. A nan ne mai koyo ke fara yaudarar kansa, ya ce ai ga lanƙwasasshen alanki a cikin kwalin jirgin, ko ga na arha a bakin kasuwa. A duba abin da ke faruwa kusa-kusa. Ya sa alankin a ramin kusa, ya murɗa, ya ji ɗan santsi. Ya ƙara ƙarfi, sai hannunsa ya zarce babu tirjiya. Ƙarfen alankin mai taushi ne, gefensa ya cinye, ya kuma goge ramin kusar ya mai da shi zagaye. Yanzu kusar ba ta shiga ba ta fita, tana kuwa riƙe da sandar da farfela ke kanta. Madadinta ba a Ƙaraye take ba, ba a Gwarzo ba, wataƙila ko a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a sha yawo ba a same ta ba, sai an yi oda an jira makonni. Saboda haka alanki mai mariƙi kamar sukudireba, mai bakin ƙarfe mai tauri, ya fi ƙarfin a yi masa rowa. Kuma girman da ke buɗe sandar da ta ratsa mariƙan fikafikai, guda biyu ake saya, domin kusa ce a kowane gefe: ɗaya a riƙe, ɗaya a murɗa.

Abokin tafiyar alanki shi ne ruwan kulle noti. Jirgi mai saukar ungulu inji ne mai karkarwa, kuma karkarwa na kwance kusa a hankali har ta faɗo a sama. Shuɗin ruwan, irin Loctite 243, shi ake so, domin yana riƙewa kuma yana bari a kwance daga baya. Jan kuwa kulle ne na dindindin, sai an gasa ƙarfen kafin ya saki. Ana goge kusar da sifirit a kawar da maiƙo, a ɗauki ɗigo ɗaya da tsinken sakace a shafa. Ƙarfe cikin ƙarfe kaɗai ake sa wa, domin yana cin roba ya sa ta tsage. Sufagulu ba madadinsa ba ne, ko da wani ya rantse cewa ya gwada.

Daga ɗauri sai awo, kuma a nan ne zuciyar aikin take.

A ƙarƙashin farfela akwai wani ɗan faifai da ke zagaye da sandar tsakiya. Ƙananan injinan tuƙi guda 3, da ake kira sarbo, su ke tura shi sama da ƙasa ko su karkata shi gefe, shi kuma ya isar da saƙon ga fikafikai. Idan faifan nan ya kwanta a karkace tun a ƙasa, jirgin zai riƙa zamewa gefe guda da zarar ya ɗaga, mai koyo ya yi ta kokawa da rimot yana zaton hannunsa ne bai iya ba. Ana sayar da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa 3 da ake zurawa a sandar don daidaita faifan, kuma dole ramin nasa ya dace da kaurin sandar, wanda a irin 450 milimita 5 ne. Amma wannan yana cikin kayan da za a iya jinkirta saye. Masu harkar sun daɗe da wata dabara: a ɗaure sandar da ɗan ɗaurin robar nan da masu wayarin ke tattara wayoyi da shi, a yanke jelarsa ta tsaya daidai kan hannu ɗaya na faifan, sannan a juya sandar a ga ko jelar za ta taɓa sauran hannayen biyu daidai wa daida. Inda ta bar giɓi, ko ta tokare, nan ne gyara yake.

Wanda ba a jinkirtawa shi ne ma'aunin karkatar fiffike. Ido ba ya rarrabe digiri 5 da digiri 7, jirgi kuwa yana rarrabewa. Ana maƙala ma'aunin a jikin fiffike, a motsa sandar rimot, a karanta. Jirgi irin wannan yana tsayuwa cak a iska a wajajen digiri 5. Gwanaye masu juya jirgi kai ƙasa suna sa wa nasu kamar digiri 12 sama, 12 ƙasa. Mai koyo ba ya buƙatar haka. Ya bar na sama a wajajen 9 ko 10, na ƙasa kuma 2 ko 3 kacal, domin idan ya firgita ya ja sandar rimot ƙasa, kada jirgin ya soki ƙasa da ƙarfi. Kowane fiffike ana auna shi daban. Ma'aunin iri biyu ne. Tsohon yayi, na roba mai zane, ana daidaita shi ne da wata siririyar sanda mai filafilai biyu da ke kan farfelar tsofaffin jirage. Jiragen yanzu yawanci ba su da wannan sandar, wata 'yar na'urar lantarki ce ta karɓi aikinta, don haka mai lamba a fuska ake nema, wanda ake fara ɗorawa a wani shimfiɗaɗɗen wuri a jikin jirgin a mai da shi sifili kafin a kai shi kan fiffike. Duk wanda zai yi oda, ya fara duba kan jirginsa tukuna. Wasu kan ce ai wayar salula ma tana auna karkata. Tana aunawa, amma nauyinta na lanƙwasa ƙaramin fiffike, kuma riƙe ta da hannu ba ya ba da lamba ɗaya sau biyu.

Duk wannan awo ana yin sa ne bayan an cire wayoyin babban injin, ko an zare shi daga jikin giya. A riƙe wannan da kyau. Batir na haɗe don sarbo su motsa, hannu na tsakanin fikafikai, kuma gwiwar hannu na iya bugun sandar rimot ba a sani ba. A watan Satumban 2013, a unguwar Brooklyn ta birnin New York, wani matashi ɗan shekara 19, gwani ne ma ba mai koyo ba, ya rasa ransa bayan farfelar jirginsa ta same shi a kai. Jirginsa ya fi 450 girma, amma ƙaramin ma yana tsarge yatsa har ƙashi.

Sauran kayan awon, da yawansu suna nan a gida ko a shagon maƙwabci. Fikafikai biyu dole nauyinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba jirgin ya riƙa rawar sanyi. Ɗan sikelin lantarki irin na masu sayar da zinari ya wadatar. Idan babu, a haɗa fikafikan biyu da kusa ɗaya suna kallon waje, a ɗora kusar a bakin kofuna biyu, wanda ya ɗaga sama shi ne marar nauyi, a liƙa masa ɗan salatif har su tsaya daidai. Tazarar da ke tsakanin ƙaramar giyar inji da babbar giya, da siririyar takarda ake gwada ta: a cusa takardar a tsakani, a matse, a ɗaure, a zare. Bayan kowace faɗuwa, a ciro sandunan a mirgina su a kan madubi ko gilashin taga. Wadda ta lanƙwashe za ta riƙa tsalle tana ƙwanƙwasa gilashin, ko da ido na ganinta a miƙe.

Filayar cire gaɓoɓi tana da daɗin aiki, ita ce ke ɓalle 'yan kofunan roba na bakin sandunan tuƙi daga ƙwallayen ƙarfe ba tare da ta fasa su ba, kuma ba ta da tsada. Ma'aunin kauri mai lamba yana taimakawa wajen daidaita tsawon sandunan tuƙi, amma rula mai kyau ta ƙarfe za ta riƙe mutum a farko. Ƙarfen narka dalma da mita kuwa, duk mai gyaran waya a Rogo ko Ƙaraye yana da su, kuma zama kusa da shi ya fi saye, domin za a samu kayan a samu koyarwa.

Sai maganar batir, wadda ta fi shafar mu saboda zafin ƙasarmu. Batirin waɗannan jirage na lithiyom ne mai laushin jiki. Na 450 yawanci ɗaki 3 ne a haɗe, kowane ɗaki bolt 3.7, idan ya cika ya kai 4.2, jimilla 12.6. Ba ya son a wuce masa wannan iyaka ko kaɗan, ba ya kuma son a tatse shi ƙasa da bolt 3 a ɗaki. Saboda haka cajarsa ta musamman ce, mai lura da kowane ɗaki daban tana daidaita su. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗu ita ce iMAX B6 ta kamfanin SkyRC, sai dai jabunta sun cika kasuwa, don haka a gwada abin da take nunawa da mitar mai gyaran waya kafin a amince mata. Wani alherinta ga mutumin karkara shi ne tana karɓar wuta daga bolt 11 zuwa 18, wato batirin mota ko na sola zai ɗauke ta ko da babu wutar lantarki a gari. Batir mai lamba 2200 a jikinsa, a ba shi amfiya 2.2, kada a wuce. A haɗa da ɗan abin gwajin nan mai kamar akwatin ashana da ake soka wa batir ya nuna ƙarfin kowane ɗaki, a kuma saita agogon rimot a kan minti 5.

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya zama tanda. Batirin da aka bari a cike a irin wannan ɗaki, ko a cikin but ɗin babur a rana, zai fara kumbura kamar burodin da ya sha yis. Wanda ya kumbura ya gama aiki. Ba a huda shi, ba a danne shi don ya koma, domin wutarsa mai tsanani ce kuma tana da wuyar kashewa. Idan za a ajiye batir fiye da kwana biyu, a sauke shi zuwa bolt 3.8 a ɗaki, cajar tana da maɓallin yin haka. Turawa na sayen jaka ta musamman don caji. A nan, tukunyar ƙasa da aka zuba wa yashi a gindi, a ajiye ta a inuwa a tsakar gida nesa da katifa da zana da jarkar fetur, ta yi aikin, muddin akwai babba a kusa har a gama.

Ƙurar hunturu ita ma tana da nata. Maiƙo da yawa a kan giya na kama ƙura ya zama kamar sanfefa, ya cinye haƙoran roba. Tsohon buroshin haƙori da ɗigon mai kaɗan a kan sanduna sun fi alheri.

Akwai abu biyu da ba sa cikin akwatin kayan aiki amma sun fi rage asara. Ɗaya manhajar koyon tuƙi ce a kwamfuta, irin su RealFlight ko HELI-X, inda ake haɗa rimot ɗin gaske da kwamfutar a faɗi sau ɗari ba a karya komai ba. Matasa uku ko huɗu za su iya haɗa kai a kan kwamfuta guda. Na biyu ƙafafun koyo ne: siraran sanduna biyu a gicciye a ƙarƙashin jirgin, da ƙwallon tebur a kowane baki, don kada ya kife idan ya sauka a karkace. Wannan kam ana yin sa a gida da gora da aka fere.

Game da wurin tashi, Allah ya hore wa yankin nan fili. Bayan girbi gonaki a buɗe suke, kuma da sanyin safiya iska na kwance. Amma a tuna yara za su taru, kuma ba su san haɗarin ba, don haka a samu babba ya tsayar da su a baya, taku 15 ko fiye. A nisanci garken shanu da wayoyin lantarki. A nisanci fada da ofishin 'yan sanda da sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kusalla. A halin tsaron da ake ciki, abu mai shawagi a sama na tayar da hankali, kuma sanar da mai unguwa ko dagaci tun kafin ranar ladabi ne da ke rufe bakin zargi. Doka ma ta yi magana: a watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta sanar cewa tashin jirgi marar matuƙi yana buƙatar izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Wanda zai sayi babban samfuri ya nemi sanin ƙa'idar da ke aiki kafin ya biya kuɗi. Mai son abin ya zama sana'a kuma ya san cewa Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba ta da nisa da Rogo, kuma a can ana horar da injiniyoyin gyaran jirgi, ba matuƙa kaɗai ba.

Awo na ƙarshe a fili ake yin sa. A liƙa jan salatif a bakin fiffike ɗaya, shuɗi a ɗayan, daidai tsawo don kada nauyi ya canza. A ajiye jirgin jelarsa na kallon mai tuƙi, a ja da baya, a tayar da inji a hankali har jirgin ya yi sauƙi a kan ƙafafunsa bai kai ga tashi ba. Sai a rusuna daga nesa a kalli gefen farfelar. Idan layi biyu ake gani, ja a sama shuɗi a ƙasa, fikafikan ba hanya ɗaya suke bi ba. A kashe inji, a cire batir, a ɓalle gaɓar fiffike ɗaya a murɗa ta zagaye guda, a mayar, a sake gwadawa. Wani lokaci sau uku, wani lokaci sau biyar. Idan layukan biyu suka haɗe suka zama siririn layi ɗaya, ƙarar ma za ta canza, ta daina kaɗawa ta koma sumul. A ranar farko, tashin da bai wuce gwiwa ba na daƙiƙa 10 ya isa, a sauke, a taɓa inji da batir a ji zafinsu, a bi kusoshi da alanki ɗaya bayan ɗaya.